RAJISTAR HAIHUWA DA RIƘON 'YA'YA: Jawabi ga jama'ar Mugulbu da kewaye game da neman asalin iyali

Akwai tambayoyi uku da akan yi wa ɗan ƙasa a duk ofishin da ya shiga da buƙata, ko makaranta ce, ko kotu, ko wurin yanke fasfo: yaushe aka haife shi, a ina, kuma ɗan wane ne. A da, in an yi wa mutumin ƙauye waɗannan tambayoyi, sai ya waiwaya ya dubi dattijon da ya rako shi, dattijo ya amsa, magana ta ƙare. Yau dattijon ya kwanta dama, ofis kuwa takarda yake nema. Ba ofis kaɗai ba: samari da 'yan mata masu ilimi sun fara bin gidajen kakanni da alƙalami da na'urar ɗaukar magana, suna so su rubuta salsalar gidansu kafin masu saninta su ƙare. Wannan jawabi domin su ne, da kuma iyayen da ke hannunsu a yau a sauƙaƙa wa jikoki wannan aiki ko a dagula musu shi.

Mugulbu tana cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, a mazaɓar Mugulbu da Yadafa, ba nisa da iyakar Kamaru. Wanda zai nemi asalin gidansu a wannan yanki ya kamata ya fara sanin cewa ƙasar ta sha canza hannu, kuma kowace hukuma in za ta tafi da takardunta take tafiya. A farkon ƙarni na 20 Jamus ce ke mulki, babban jami'inta yana zaune a Garwa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, Mubi ta faɗo rabon Ingila, aka ba ta riƙon amanar yankin a 1922, ana gudanar da shi daga Yola. A watan Nuwamba 1959 aka jefa ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi a jinkirta yanke shawara. Da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 sai aka ware yankin a ƙarƙashin wani jami'in Ingila, Sir Percy Wyn-Harris, wanda ya zauna a Mubi. A Fabrairu 1961 aka sake ƙuri'a, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, kuma ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. Daga nan sai Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ana kai takardu Maiduguri, sai Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Watau tsohon da aka haifa a Mugulbu a 1958, ko da bai taɓa ƙetare kogi ba, ya zauna ƙarƙashin hukumomi biyar, kuma ba a Nijeriya aka haife shi ba.

Abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne, babu ɗaya daga cikin hukumomin farko da ta ɗora wa kanta rubuta haihuwar talakan ƙauye. An yi dokar rajistar haihuwa a Ikko tun 1863, amma ta daɗe tana tsakanin manyan garuruwa da Turawa. Sai a 1979 aka kafa Doka ta 39 wadda ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa duka, sa'an nan Doka ta 69 ta 1992 ta damƙa aikin a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Har yanzu ba a kai gaci ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 43 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da rajista. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da UNICEF a 2021 ya sami 57 cikin 100. Saboda haka mai neman takardar haihuwar kakansa kada ya ɓata kuɗin mota. Ba ɓacewa ta yi ba, ba a taɓa rubuta ta ba.

INDA SAWUN MAGABATA YAKE

Duk da haka magabata sun bar sawu a takarda, sai dai ba a inda ake zato ba. Hukuma ba ta damu da ranar da aka haifi mutum ba, amma ta damu ƙwarai da ranar da ya isa biyan haraji. Magatakardan hakimi yakan rubuta sunayen baligai maza unguwa unguwa, gida gida, mai gida a sama, 'ya'ya da ƙanne a ƙarƙashinsa, kuma rasit ɗin haraji ko na jangali da aka tsinta a ƙasan adakar tsoho yana iya tabbatar da cewa wane yana raye a gari kaza a shekara kaza. Rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta game da gundumomi, da jerin sarauta da labarin ƙaurar ƙabilu, ana samunsu cikin fayilolin Lardin Yola a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Na zamanin Jamus kuwa suna Yawunde da Balin, kuma da Jamusanci.

Littafin alƙali ya fi duka amfani. In an yi rabon gado a kotu, dole a lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, mata da 'ya'ya maza da mata, da shaidun da suka tabbatar da su. Shafi guda na irin wannan yakan ba da abin da hirar wata guda ba za ta bayar ba, musamman sunayen mata, waɗanda littafin haraji bai san da zamansu ba. Sai rajistar shiga makaranta, da katin awo na asibiti, da littattafan coci. A nan akwai abin lura. Cocin Katolika jarirai take yi wa baftisma, don haka ranar baftisma ba ta nisa da ranar haihuwa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuwa, wadda ta samo asali daga mishan da aka kafa a Garkida a 1923, sai mutum ya yi hankali take yi masa. Wanda ya ɗauki ranar baftismar kakansa a can a matsayin ranar haihuwa zai rage masa shekara goma sha biyar ko fiye.

Akwai kuma wani littafi mai ɗacin karatu. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya ajiye littafin abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, da Larabci, an kuma buga fassararsa ta Turanci a 1995. A ciki an rubuta hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, da yawan mata da yaran da aka kamo. Madagali ba Mubi ba ce, amma littafin ya nuna yadda yara suka riƙa fita daga wani gida su tashi a wani, da wani harshe da wani suna, a zamanin da kakannin masu rai a yau suka gani da idonsu. In mai bincike ya iske dattawa sun yi shiru a kan wata kaka, suna cewa "daga dutse ta zo" su tsaya nan, kada ya matsa musu a gaban jama'a.

Game da shekaru kuwa, akwai dabarar da malaman ƙidaya suka daɗe suna amfani da ita, watau auna haihuwa da abin da kowa ya tuna. An haife shi kafin husufin rana na 1947 ko bayansa? Tana goye lokacin ƙuri'ar farko ko ta biyu? Ya yi wayo da aka canja hannun tuƙi a 1972, ko da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973? Yana cikin waɗanda aka kwasa makaranta a shirin ilimin firamare kyauta na 1976? Wannan awo ya fi takardar rantsuwar shekaru gaskiya sau da yawa. Takardar rantsuwa ba ta tabbatar da komai sai cewa wani ya tsaya a kotu ya faɗi haka, wataƙila shekara talatin bayan haihuwar, wataƙila kuma da neman aiki a ransa. Ƙa'idar mai bincike ita ce, takardar da aka rubuta kusa da lokacin, da bakin wanda ya halarta, ita ce gaba.

Sunaye ma suna yaudara. A al'ada mutum sunansa da na ubansa yake amsawa, don haka suna na biyu yana canzawa kowane zamani. Makarantun En'e sun riƙa laƙaba wa yara sunan garinsu, shi ya sa aka san Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano da sunan gari; mutum biyu masu amsa Mubi a rajistar makaranta ba lalle ne su haɗa kaka ba. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ta rayu ta mutu ba ta ambaci sunan yanka na ɗanta ba, har jikoki su tashi laƙabi kaɗai suka sani.

RIƘO

Amma babban wurin da igiyar salsala ke tsinkewa, ko ta ƙullu da wadda ba tata ba, shi ne riƙo. Da wuya a sami gida a wannan ƙasa da bai riƙi ɗan wani ba ko bai ba da nasa ba. Akan kai ɗan fari wurin kakanni. Akan kai yaro yaye gidan goggo, ya zauna ke nan. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta yakan ɗauki 'ya ya ba ta. Maraya yakan koma hannun baffa ko kawu, agola ya biyo uwarsa gidan sabon miji, almajiri ya girma a gidan malaminsa har a yi masa aure a can. Al'ada ce ta alheri, ta rufa asirin marayu tun kafin a san gidan marayu na gwamnati, kuma babu mai neman a bar ta. A da ba ta kawo ruɗani, gama unguwa duka ta san ɗan wane ne, ko da yaron yana kiran mariƙinsa baba.

Ruɗanin ya shigo ne ranar da takarda ta shigo. A ƙaddara wani yaro ne uwarsa ta rasu yana goye, kawunsa ya ɗauko shi daga wani ƙauye a bakin iyaka ya kawo shi Mugulbu. Ranar shiga makaranta malam ya tambayi sunan uba. Kawu yana tsaye, yaro yana riƙe da rigarsa. Don tausayi, ko don kada a tsawaita magana, sai kawu ya ba da sunansa. Daga rajistar firamare sunan ya hau takardar jarrabawa, daga nan ya hau takardar rantsuwar shekaru, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Takardu biyar sun yi baki ɗaya, alhali duka daga kuskure ɗaya suka fito. Bayan shekara arba'in kawu ya rasu, an zauna rabon gado. 'Ya'yan cikinsa sun ce wannan ɗan riƙo ne, shi kuwa ya fito da takardunsa. A can ƙauyen ubansa na gaskiya kuma an raba gona tuntuni ba a lissafa shi ba, domin babu abin da ke nuna shi nasu ne. Ya tashi babu tsuntsu babu tarko, zumuncin da kawu ya gina da hannunsa ya ƙare a gaban alƙali.

Ba gado kaɗai ba ne. Waliyyin aure na 'yar riƙo daga dangin ubanta yake fitowa. Shayarwa tana haramta aure, don haka in matar kawu ta ba yaron nono, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, in kuwa ba ta ba shi ba, hukuncin dabam ne. Wannan kuwa sani ne da ke cikin kan mata biyu ko uku, in sun mutu ya mutu. Likita ma yakan tambayi ciwon da ke bin dangi, kamar ciwon sikila, kuma amsar da aka ɗauko daga gidan da ba na jini ba tana iya ɓatar da shi.

Shari'ar Musulunci ta riga ta raba abubuwan biyu. Ta yi horo da riƙon maraya, ta girmama mai yinsa, amma ta hana a mayar da ɗan wani ɗan cikin mutum ta fuskar nasaba. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab a kan haka suka sauka, kuma Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sunan mahaifinsa aka koma kiransa. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, amma ƙofar kyauta a buɗe take tun ana raye, haka kuma wasiyya har zuwa sulusin dukiya. Mariƙin da ke son ɗan riƙonsa da gaske, wasiyya a rubuce gaban shaidu ta fi masa aron suna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci wannan riƙo na Musulunci da sunansa na kafala a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa iyaye.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda kotu ke mayar da yaro ɗan wanda ya ɗauke shi ta kowace fuska, har da gado. Jihar Gabas ce ta fara yin doka a kan haka a 1965, Ikko ta bi a 1968, jihohin Arewa kuwa sun daɗe ba su da ita. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta tsara hanyoyin biyu dabam dabam, ta kuma ce a ajiye littafin rajista na yaran da kotu ta ba da su, a sa alama a kan rajistar haihuwarsu ta asali. A lura, alama aka ce a sa, ba a ce a goge ba. Da yake sha'anin yara yana hannun jihohi, Adamawa ta kafa tata dokar kare yara a 2022, kuma wanda ke da niyyar ɗaukar yaro ta hanyar hukuma, ofishin jin daɗin jama'a zai fara zuwa. Ko a wannan hanya, wadda iyalan Kirista suka fi bi, asalin yaro yana nan a ajiye a littafi.

Ingila ta gwada rufe wannan littafi, ta ga bai yi ba. Ta fara rajistar haihuwa a 1837, ta yi dokar ɗaukar yara a 1926, aka shekara kusan hamsin ana ɓoye wa waɗanda aka ɗauka sunan iyayensu, ana ganin hakan ya fi musu kwanciyar rai. Suka girma suna nema. A 1975 majalisa ta ba duk wanda ya kai shekara 18 ikon karɓar takardar haihuwarsa ta asali. Sun iya gyara kuskurensu ne domin tun farko gaskiya aka rubuta a littafin. Wanda aka rubuta masa sunan kawu a gurbin uba, ko an buɗe masa littafi babu abin da zai gani.

Tsintacce shi ne ya fi kowa buƙatar alƙalami. Wanda ya tsinci jariri ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a, a kuma rubuta rana da wuri da zanen da aka naɗe shi da sunayen waɗanda suka gani. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne kaɗai asalin da zai taɓa samu. Ba don a yi masa gori ake ajiye su ba, kuma ba kowa za a nuna wa ba.

ABIN DA 2014 TA KOYAR

A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, har suka canja mata suna, suka kuma mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi. An ƙwato garin a watan Nuwamba. Jama'a sun gudu da abin da ke jikinsu, waɗansu Yola, waɗansu suka bi duwatsu suka shiga Kamaru. An haifi yara a hanya da sansanin gudun hijira, waɗansu a wata ƙasa. Yara da yawa sun rabu da iyaye, waɗanda suka tsince su suka riƙe su, Allah ya saka musu. Waɗannan yara yanzu sun tasa, suna zana jarrabawa, ana cika musu takardu, watau daidai lokacin da akan yi kuskuren nan na kawu. Duk gidan da ke riƙe da ɗaya daga cikinsu, yanzu ne lokacin rubuta abin da aka sani game da shi, ko da sunan ƙauye ne kawai da laƙabin uwarsa.

Ga sabuwar haihuwa, dokar 1992 ta ba da kwana 60. An yi suna, an gama wankan jego, an yi arba'in, da sauran kwana ashirin. Ma'aikatan Hukumar Ƙidaya suna zama a sakatariyar ƙaramar hukuma da manyan asibitoci, kuma haihuwar gida ma ana yi mata rajista. Wanda ya wuce wa'adi akwai rajistar jinkiri, baligi kuma hukumar tana ba shi takardar tabbatar da haihuwa. A Nuwamba 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da rajista ta kwamfuta, wadda amfaninta shi ne ko takarda ta ƙone bayanin yana nan a wani wuri. Sai dai kwamfuta abin da aka gaya mata take riƙewa. In mariƙi ne ya kai yaro, ya gaya wa ma'aikaci cewa shi mariƙi ne, a rubuta uba a gurbin uba, uwa a gurbin uwa da sunanta na gidansu, a kuma karanta takardar a duba harufa kafin a tashi daga teburin.

Takardar gwamnati ba ta da gurbin riƙo na gida, ba ta da gurbin shayarwa. Wannan aikin mai gida ne. Littafin rubutu guda na 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami, da Hausa ko Fulatanci ko Guɗe: wane ɗan wane, an haife shi wuri kaza, ya zo gidan nan shekara kaza daga hannun wane, wance ta shayar da shi ko ba ta shayar ba, shaidu wane da wane. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a aika wa ɗan'uwa da ke wani gari, a ajiye asalin cikin leda tare da takardun gona. Mai bincike kuma in zai fara hira, ya fara da tsofaffin mata, ya zauna da su a ɗaki ba a zaure ba, ya tambayi kowace ita kaɗai, sa'an nan ya rubuta sunan wadda ta faɗa da ranar da ta faɗa a gefen kowace magana.